Garin da Ilu Darakta Bai Gama Zanawa Ba

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta gaban shagon Ilu Darakta a Gwarzo ya san da abin da zan fara. Kana tafe abinka, ba ka tsokani kowa ba, sai ka ji an daka maka tsawa daga baya: "Kai! Tsaya nan! Koma ka sake tahowa." Ka waiwaya, ka ga wani siririn dattijo, hula duk ta sha fenti, fensir a bayan kunne, wani kuma a hannu, ya ƙura wa ƙafafunka ido kamar mai cinikin akuya. In ka ce, "Malam, lafiya?" sai ya ce, "Lafiya lau. Tafiyarka nake so. Koma."

Kuma wallahi komawa mutane suke yi!

Ga waɗanda suka san shi sama-sama, sunansa na yanka Iliyasu, sana'arsa rubuta allunan shaguna da zane a bayan manyan motoci. Ni Talatu taubashiyarsa ce, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa, yana raye ma ban raga masa ba. Da ƙuruciya ya yi aiki a wani gidan talabijin a Kaduna, yana fentin bangon da masu karanta labarai suke zama a gabansa. A can ya ga katun ɗin mutanen Japan, irin yaran nan masu dara-daran idanu, ciwon ya kama shi, bai kuwa sake shi ba har kabari. Ya dawo gida da rantsuwar sai ya yi nasa fim ɗin na zane, da hannunsa, takarda bayan takarda. Ba wanda ya naɗa shi darakta. Mu muka laƙaba masa don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya rubuta a ƙofar shago.

Ba ya barin kowa. Wata ranar kasuwa wani dagaci daga wajen Kara ya zo wucewa da rawaninsa da mutanensa. Ilu ya fito, ya rusuna, ya yi gaisuwa tsaf, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a ɗan koma a sake tahowa." Bawan Allah ya ji an ce zana shi za a yi, ya koma, ya gyara babbar riga, ya taho da ƙasaita. Da ya iso ya ce, "To Malam Ilu, sarki ke nan za ka saka a fim ɗin?"

"A'a, ranka ya daɗe. Akwai wani toron agwagwa da tafiyarsa ta daɗe tana ba ni wahala. Yau Allah ya kawo ta."

Samari ne kaɗai ba ya tsayarwa. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "Me zan ɗauka? Ka zana ɗaya ka zana duka. Kai a sunkuye, waya a hannu, ƙafa ba ta san inda za ta ba." Haka ma idanu. Yaran fim ɗinsa duk ƙananan idanu ya yi musu. Na ce, "Kai da ka koya daga masu manyan idanu?" Ya ce, "Su can akwai abin kallo a gaban yaransu. Namu me za su buɗe wa ido haka?"

Fim ɗin kuwa a kan Gwarzo ne, amma Gwarzo ta zamanin jikokin jikokinmu. Wata yarinya ce, Lami, take yawo a cikinta da jakinta. Ku da kuka ga zanen kun san ba ƙarya nake ba: ruwa yana bin kowace gona a kwata mai sheƙi, kukoki sun yi tsawon da mutane suka gina ɗakuna a rassansu, ga wani jirgin ƙasa yana tafiya a sama daga Gwarzo zuwa Kabo, mata suna leƙowa ta taga da ƙwaryar fura. Na ce, "Ilu, jirgi a sama, kuma ga jaki?" Ya ce, "Talatu, ko me aka ƙirƙiro, dole wani ya kai taki gona."

Abin mamakin, mutumin da yake zana wannan aljannar duniya, kalma ɗaya ce a bakinsa daga safe zuwa yamma: "Ba za ta gyaru ba." A yi maganar hanya, ba za ta gyaru ba. A yi maganar taki, ba za ta gyaru ba. Ka ce masa, "Darakta, ya aiki?" ya ce, "Ba za ta gyaru ba, miƙo min burushin can." Rannan na ƙosa na ce, "To don Allah in ba za ta gyaru ba, wahalar me kake sha da wannan zanen?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin da ɗan goye ya sani. "Saboda ba za ta gyaru ba mana! Da za ta gyaru ai zama zan yi in jira in gani da idona."

Sai kuma maƙo. Kai, Ilu! Fim na zane takarda yake ci kamar gara, shi kuwa ya rantse ba zai sayi ko falle ɗaya ba. Jira yake a gama zaɓe. Washegari za ku gan shi da buhu da 'yar wuƙa yana bin bango yana ɓare fostocin 'yan takara, wanda ya ci da wanda ya faɗi, ba ya nuna bambancin jam'iyya. Ya yanka su daidai-daidai, ya yi zane a bayansu. Yakan ce, "Wannan ne kaɗai alherin da ɗan siyasa ya taɓa yi min, shi ma ta baya."

Yadda yake yi shi ne, ya jingina takardar a jikin gilashin taga inda haske yake, ya ɗauke ta hoto da waya, ya cire, ya sa ta gaba. Da ya haɗa ɗan abin da ya samu, ya ce za a yi majigi. Aka ari aji a wata firamare da rana tsaka, aka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da janareta, aji ya cika har ƙofa. Ga Lami ta fito, ga jaki, ga kukoki, yara suna ihu. Sai dai abin da Ilu bai lura da shi a ƙaramin gilashin waya ba, majigi ya fito da shi ƙuru-ƙuru: hasken taga ya ratsa takardun. A sararin samaniyar Gwarzon gobe, fuskokin 'yan takara ne suke ta walƙiya, wannan da hula, wancan da tabarau, kowa yana yashe baki.

Can sai Iya Abu mai ƙosai, da take zaune a gaba, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Har can ma sun riga mu zuwa?"

Aji ya kece da dariya, har janareta ba a ji. Na ce yau Ilu zai nutse don kunya. Ina! Ya miƙe, ya nuna ta da fensir, ya ce, "Duk ɗakin nan Iya ce kaɗai ta gane fim ɗin."

Wajen murya ma haka muka sha. Ni ya zaɓa in yi muryar wata tsohuwar akuya mai mita. Na ce, "To yaya zan yi muryar?" Ya ce, "Kada ki canja komai." Amma jaki, ya ce sai jaki na gaske, kuma ba kowane ba. Wai an ba shi labarin wani a Getso mai murya kamar kakaki. Ɗansa Nazifi, wanda shi kaɗai ne namiji a 'ya'yansa, a lokacin yana acaba, shi ya goya shi a babur har can. Nazifi ya ba mu labari: tun hantsi Ilu ya durƙusa gaban jakin nan, ya kara masa waya a baki. Jaki ya dube shi, ya ci gaba da cin harawa. Aka yi azahar, shiru. Mai jakin ya kawo musu fura, ya ba da haƙuri, ya ce wallahi kullum sai ya hana unguwa sakat. Aka yi la'asar, shiru. Waya tana cewa caji ya ƙare, ta ɗauke, jakin nan ya ɗaga kai ya saki wani kuka da sai da kaji suka watse.

Ilu ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ce wa jakin, "Kai ma ɗan ƙasar nan ne."

To kukan da kuka ji a fim ɗin fa? Matarsa Rabi ce ta tona. Shi ne da kansa! Ya rufe ɗaki ya yi ta gwadawa har ya dace. Ta ce ta san ya dace ne da jakin maƙota ya amsa masa.

Wanda ba zan manta ba shi ne na Kabo. Ina shugabar wata makaranta a can, ranar yaye ɗalibai ta zo, na ce bari in gayyato ɗan'uwana mai fasaha ya ƙarfafa wa yara gwiwa. Rabi ta ce min, "Yaya Talatu, kin dai san bakinsa." Na ce ai gaban iyaye ne, zai kama kansa.

Ya hau gaban taro, ya ƙi karɓar lasifika, ya ce, "Yara, an ce in zo in ƙarfafa muku gwiwa. Ni kaina tawa ciwo take. Gonar kakanninku an raba ta, an sake rabawa, har ta koma kamar dardumar salla. Takardar da za a ba ku yau, yayyenku suna da irinta, suna can tasha suna jiran fasinja. Mu manya mun ci namu, mun ci naku, mun suɗe kwanon. Ba za ta gyaru ba."

Shugaban ƙungiyar iyaye ya fara wani tari da ba na mura ba. Ni kuwa ina neman ƙasa ta tsage.

Sai ya sa aka fito da allo, ya ɗaga alli ya ce, "Wa zai zana min Kabo ranar da ya tsufa?" Wani yaro ya fito ya zana jirgin sama. Wani ya zana bas an lafta mata kaya. Wani ya zana dogon bene ya rubuta Dubai a ƙasa. Ilu ya ce, "To ina Kabon?" Yaron ya ce, "Malam, ai mun tafi." Daga ƙarshe wata yarinya ta fito ta zana gidansu, har da katangar da ruwa ya zubar. Ya ce, "'Yata, na ce ranar da kika tsufa." Ta ce, "Ai haka zai zauna, Malam."

Ilu ya tsaya yana kallon allon. Sannan ya ajiye alli ya koma kujerarsa. Da aka tashi, shugaban iyaye ya matso kusa da ni ya ce, "Hajiya, baɗi in Allah ya kai mu, a gayyato liman."

Na raka shi bakin titi ina ta zazzaga masa masifa. Muka tsaya jiran mota. Ya ce, "Talatu, kin tuna mu da muna yara? Ƙarya muke shararawa. Ni zan tuƙa jirgi, ke za ki gina wa Innarki bene a ƙauyenmu Dugabau. Ba mu yi ko ɗaya ba, amma ƙaryar ta kai mu wani wuri. Waɗannan ko ƙaryar ba su iya ba."

Na ce, "Kai fa ka gama ce musu ba za ta gyaru ba!"

Ya juyo, idonsa ya kaɗa. "To ai so nake wani ya miƙe ya ce ƙarya nake! Tun yaushe nake faɗar maganar nan ina jiran yaron da zai ce min, tsoho, rufe mana baki, ga yadda za a yi. Kin ga ko ɗaya ya miƙe?"

Mota ta zo, ya shiga, ya leƙo ta taga ya ce in ajiye masa ragowar allin.

Nazifi ya yi kwalejin ilimi, ya nemi aiki har takalminsa ya gaji, ya koma acaba tsakanin Gwarzo da Kabo. Yaro ne mai sanyin hali, bai taɓa musu da ubansa ba. Wata safiya ina shagon, na kawo wa Ilu zogale, sai ga shi ya shigo a ƙafa, ba babur. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce ya sayar da babur ɗin, zai bi wasu abokansa ta Agadas zuwa Aljeriya, aikin gini.

Ilu ya ajiye burushi. "Aljeriya? Me aka yi maka a nan?"

"Ba a yi min komai ba, Baba. Tun ina ƙarami nake jin kana cewa ba za ta gyaru ba. Na duba, na ga gaskiyarka. Na yarda da kai."

"Kai! Wa ya ce ka yarda da ni? Duk garin nan ba wanda ya taɓa yarda da maganata, har uwarka, sai kai?"

Wallahi dariya ta taso min, na danne ta. Nazifi kansa a ƙasa. Na zuba wa Ilu ido, ina jira ya faɗa wa ɗansa abin da ya faɗa min a bakin titin Kabo. Bakinsa ya motsa. Amma taurin kan nan da kuka sani ya riga shi. Ya ɗauki burushinsa, ya juya wa yaron baya, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Daga ranar ba a sake jin kalmar nan a bakinsa ba. Masu shayi suna tsokanarsa, "Darakta, yaya, za ta gyaru kuwa?" Sai ya ce, "Allah ne masani," ya wuce. Rabi kuwa ba ta ɓoye masa ba, ta ce, "Bakinka ne ya kore shi." Bai musa ba. Ilu da bai musa ba! Nazifi yakan kira jifa-jifa, in ya shigo gari daga inda suke aiki, don can babu sabis. In an miƙa wa uban waya, sai ya tambaye shi yaya zafi, yaya abinci, ya miƙa wa Rabi, ya koma bakin taga. Zanen ma ya ja baya. Sai ya yi wuni a kan takarda ɗaya, da yamma ya goge.

Da daminar bara ciwon suga ya kayar da shi, aka kwantar da shi a asibiti. Na je duba shi wata la'asar, na tarar ya rame, hular ma ta yi masa yawa. Muka gaisa, ya ce, "Akuya, kin zo da wayarki? Ɗauki muryata, za mu aika wa yaron nan."

Na danna, na kara masa. Ya gyara murya. "Nazifi, babanka ne. Ka dawo gida, komai ya fara gya..." Sai ya tsaya. Ya rufe ido. "Goge, Talatu. Ba zan je gaban Allah da ƙarya a baki ba."

Na goge, na sake dannawa.

"Nazifi, babanka ne. Ba ta gyaru ba. Hanya tana nan yadda ka bar ta. Amma an yi ruwa, geron Kara ya fi mutum tsawo, uwarka ta ƙi yanka zakaran nan, wai sai ka zo. Maganar da nake yi, ni da nake yin ta ka ga na tafi? Ai ba don a tafi nake faɗa ba. Ni ne ban iya faɗa ba. Ka zo mu zauna a cikinta haka nan, ka yi min musu."

Na share ido da bakin mayafi. Can ya ce, "Kunna mu ji." Na kunna. Ya yamutsa fuska. "Akwai tari a tsakiya. A sake ɗauka."

Na ce, "Na riga na tura."

"Kin ga abin da ya sa ba a ba akuya aikin darakta."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Saƙon ya yi kwanaki bai shiga ba. Ranar da Nazifi ya shigo gari ya ji shi, a ranar ya haɗa kayansa. Hanyar kuwa doguwa ce. Ya iso Gwarzo an riga an tashi daga zaman makoki.

Bayan ya huta ya ce in raka shi shagon. Muka buɗe, ga buhunan zane jingine har rufi, ga warin fenti. Ya ce yana so ya ga fim ɗin, don rabonsa da shi tun ranar majigi. Muka zauna a benci muka kalla a wayar uban. Lami ta hau jirgin sama-sama ɗin nan, ta sauka, ta ja jakinta zuwa wata ƙofa a ƙarshen gari, ta ɗaga hannu za ta tura. Sai hoto ya tsaya.

Nazifi ya jira. Ya ce, "Gwaggo, daga nan fa?"

Na ce, "Bai faɗa wa kowa ba."

Na tambaye shi ko zai ƙarasa. Ya jujjuya wayar a hannunsa ya ce, "Ban iya zane ba, Gwaggo. Baba ya sha cewa in zauna in koya, ni kuma ina ce masa me za a yi da shi."

Yana nan dai har yanzu. Bana shi ya noma gonar uban, kuma an yanka zakaran. Ko zai zauna, ko zai sake tafiya, ban tambaye shi ba, tsoron amsar nake.

Allah ya jiƙan Iliyasu. Allah ya yafe masa kaifin bakinsa, ya duba abin da ke zuciyarsa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Allah ya ba Rabi haƙuri, ya sanyaya zuciyar Nazifi. Yaranmu kuma, na gida da waɗanda ke kan hanya, Allah ya ba su abin da za su hanga. Amin.